Ranar da aka ɗaure ni a cikin Fijo

Mota mai giyar hannu tana neman hannu biyu da ƙafa biyu, kuma Peugeot 504 ba ta san rangwame ba. Malam kuwa shan-inna ya taɓa masa ƙafafu tun yana yaro, da sanduna yake tafiya, amma ya dage sai ya tuƙa motar da ya gada a wurin mahaifinsa, daga Tudun Wada zuwa shagonsa a Sabon Gari, a Zariya. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin nan da ya fara aiki a 1975, fentinta bai taɓa ganin mai gyara ba. Na ba shi shawara ya sayar da ita ya nemi ƙaramar otomatik, aikin ya zo mana da sauƙi. Ya ce, "Injiniya, gyara na kawo, ba dillanci ba."

Abu na farko shi ne kuloci ya tafi. Ana iya mayar da shi hannu, amma mutum ɗaya ya riƙe sitiyari, ya danna birki, ya matse kuloci, ya sa giya a cunkoson PZ, sai dai in ya aro hannu a maƙwabta. Na je Panteka a Kaduna na samo giyabos otomatik na kamfanin ZF mai giya uku, irin wanda ke zuwa a wasu 504 da 505. Duk mai wannan aiki kada ya ɗauko giyabos tsirara. A haɗo da kwanbatarsa, wadda ke maye gurbin kuloci, da farantin da ke ɗaure ta jikin inji, da sandar giya, da furofela tare da bututunta, domin tsayinsu ba lallai ya zo daidai da na giyar hannu ba. Ana kuma buƙatar lagireto mai hanyar sanyaya man giya, in ba haka ba zafin watan Afrilu zai dafa man, mota ta fara santsin giya. Sai a jona makunnin da ke hana inji tashi sai giya na kan P (fakin) ko N (firi). Ku riƙe wannan makunni, zai dawo.

Sandar hannu ita ce zuciyar aikin. Ana kafa ta a hagun sitiyari: a tura gaba birki, a jawo baya totur. Ba a juya wannan tsari, saboda in mota ta ci birki jikin direba gaba yake tafiya, nauyinsa ya ƙara danne birkin. In aka yi akasin haka, mutum na razana zai ƙara wuta. Na yanke farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 na ɗaure shi a notunan da ke riƙe da sandar sitiyari, ba a jikin dashbod ba, don dashbod ado ne. Tsawon sandar hannun inci 16, rodin birki kuma na maƙala shi inci 4 daga inda take juyawa, wato ƙarfin hannu ya ninka sau huɗu. Sai dai ba a cin riba kyauta. In fedar birki tana sauka inci 2, hannu zai yi tafiyar inci 8, saboda haka dole a fara gyara birkin kansa: sabbin tiyo, sabon man birki, a fitar da iska tas, a matse na baya. Birkin da ke nutsewa zai sa hannu ya daki dashbod kafin mota ta tsaya.

Rodin milimita 12 ne, an kama shi jikin fedar da matsi da noti mai roba a ciki wanda jijjiga ba ta kwance shi. Ba a huda feda, ba a yi mata walda. Rodin yana zamewa cikin ɗan bututu, yadda in an jawo sanda ba zai ɗago birki ba, kuma ɗan Malam zai iya tuƙawa da ƙafa in ya karɓi motar. Totur kuwa wayar kulocin babur na ja zuwa saman fedarsa, na ƙara sifirin na biyu a kafireta don nauyin sandar kada ya hana wuta sauka. Na sa ƙulli a sitiyari na juyawa da hannun dama.

Na gwada a gareji, komai lafiya. Malam ya ce bai yarda ba. "Kai mai ƙafa ne. In abu ya kwaɓe, ƙafarka za ta taka birki kafin ka sani, ka dawo ka ce mini sanda na aiki." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na rasa amsa. Ya warware rawaninsa, ya sa yarona ya ɗaure mini ƙafafu jikin ƙarfen kujera. Yaron nan da ko noti ba ya iya ɗaurewa da kyau, ranar ya nuna gwaninta. Malam ya zauna a gefena, ya miƙo makulli, muka nufi wani layi mai ɗan gangara a bayan Hanwa inda ba motoci.

A wannan motar ramin makulli a hagun sitiyari yake, gefe ɗaya da sandata. Duk gwajin gareji da makulli ɗaya tal aka yi shi. Na Malam kuwa dami ne: na shago, na sito, na gida, na akwatin masallacin unguwa, har da abin yanke farce. Muna gangarawa wata akuya ta tsallako, na tura sanda har ƙarshe, sanda ta kwaso damin nan ta murɗa shi baya. Inji ya mutu.

Birkin 504 yana samun taimako daga tukunyar iska da inji ke zuƙewa. In inji ya mutu, abin da ya rage a ciki dannawa biyu ne ko uku. Ni kuma na saki na sake dannawa, na saki na sake dannawa, na cinye shi kaf. Sanda ta sandare. Na murɗa makulli, shiru, domin giya na kan D, ta tafiya, kuma makunnin nan yana aikinsa tsakani da Allah. Hannun hagu na kan sanda, na dama na kan sitiyari, giya na jiran hannu na uku, ƙafafuna kuma suna ta kokawa da rawani. Malam bai ce uffan ba. Ya miƙa hannu ya ja birkin hannu ja ɗaya, da damtsen da ya shekara yana ɗaukar mutum a kan sanduna. Motar ta ja tayoyin baya, ta je ta sumbaci jerin bulo na wani mai gini, ta tsaya.

Na buɗe ƙofa na yunƙura zan fita. Rabin jikina ya fita, rabi ya ƙi. Haka mutane suka same ni, kai a ƙasa, hula cikin yashi, ƙafafu ɗaure a mota, ga dattijo a gefe yana dariya har da hawaye. Wani mai shayi ya kwarma ihu cewa an sato mutum. Wata tsohuwa ta leƙa ta taga ta ce, "Haba Alhaji, da girmanka!" Ni da aka zo ceto, ni na koma ina rantsuwa cewa da yardata aka ɗaure ni, abin da ya sa wasu suka fara shawarar a nemo mai ruƙiyya.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Na sauke sandar inci 2 ta wuce ƙarƙashin makulli, na sa mata abin tokarewa. Na ƙara tukunyar ajiyar iska ta biyu da bawul mai hanya ɗaya a kan tiyo, don in inji ya mutu a samu ƙarin dannawa. Na ƙara wa birkin hannu tsawo, na sake masa waya. Na kuma nuna wa Malam cewa in haka ta faru, a danna sanda sau ɗaya a riƙe, kada a yi ta famfo, a tura giya N sannan a tayar. Ya ce ai ya gani da idonsa yadda ba a yi.

Makullin mota yanzu shi kaɗai yake rataye da ɗan zare. Da aka zo lissafi, Malam ya biya kuɗin giyabos da na aiki bai nemi ragi ba, sannan ya cire kuɗin bulo tara da wankin rawani, wai direba ne ke biyan ɓarna.