Kuɗin Cizo Ya Dawo Daga Hutu

Wai ni kam me muka tsare wa kuɗin cizo ne? Na ɗauka tun makarantar kwana muka yi hannun riga, ashe hutu ya tafi! Dare ɗaya tak na kwana a wani masauki, na dawo Tudun Wada da tsarabarsa a jaka, yau wata uku rabona da barcin kirki. Sauro ko ba komai yana sallama da kukansa, shi kuwa munafukin nan sai ƙarfe biyun dare ya jera maka cizo uku a damtse. Ka haska tocila, ya shige ɗinkin katifa. Ka murtsuke shi, jininka ne a yatsa, ga ɗan banzan wari. Na zuba fiya-fiya har ni na kusa sheƙawa, shi ko a jikinsa. Na shanya katifa a rana, maƙwabta na ta yi wa autana kallon mai fitsarin kwance. Ƙwaron da ke wata da watanni bai ci komai ba, wa zai yi gasar azumi da shi? Ko birnin Faris na ƙasar Faransa ma sai da ƙwaron nan ya hana shi sakat a 2023, balle ni. Jiya a motar Kawo na hango ɗaya yana tattaki a wuyan rigar na gabana, ko kuɗin mota bai biya ba!