Ranar da na binne takardun motata da hannuna

Golf 3 gare ni, ƙirar 1996, kuma tun kafin ta zo hannuna rana ta gama da dashbod ɗinta. Ya tsattsage kamar fason ƙafa a hunturu, gurbin rediyo kuwa rami ne kawai da yara ke cusa ɓawon gyaɗa. Wata rana da daddare na ga wani Bature a YouTube ya ɗauko faiba, wata tabarmar zare da ake jiƙawa ta daskare ta yi tauri, ya sake wa motarsa dashbod cikin minti 12, yana yi yana murmushi. Na ce wa uwargida aikin nan ba ya fi ƙarfina ba. Ta ce, "Baban yara, fankar falo ma da ka kwance bara har yau tana cikin buhu." Na yi kamar ban ji ba.

Washegari na shiga Sabon Gari na sayo kaya: rezin lita ɗaya (ruwan nan mai kauri kamar gam da ake jiƙa faiba da shi), tabarmar faiba, burushi, sanfefa, salatif, da wata 'yar kwalba ta ruwan da ke sa rezin ɗin ya daskare. Mai shagon ya ɗaga kwalbar ya ce, "Malam, wannan ɗigo ake yi. Kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Da zafin nan ma ka rage." Na ce masa na sani. Ban sani ba.

Watan Afrilu ne, ƙarfe biyu na rana, a ƙofar gidana a Tudun Wada. Baturen ya yi nasa aikin ne cikin gareji da rigar sanyi a jikinsa, ni kuwa kwalta na neman narkewa. Na zuba rezin a robar da uwargida ke dama kunun yara, na ɗiga ruwan kwalbar, na ga kamar bai isa ba. Miya ma ai sai da gishiri. Na tuttula kusan rabi.

Haɗin nan da kansa yake fitar da zafi idan ya fara kamawa, kuma yawan ruwan kwalbar da zafin rana suna ƙara masa sauri. Na shafa layi biyu ke nan sai na ji robar ta ɗauki zafi a hannuna. Na ajiye don in gyara zaman tabarmar, ina waiwayowa na tarar abin ya koma kamar alewa, yana hayaƙi, gindin robar ya lanƙwashe, burushin na tsaye cak a tsakiya kamar tuta. Na ja, robar ta biyo shi. Almajirai uku da suka tsaya kallo suka ja da baya.

Karo na biyu na yi ɗigo kamar mai ba jariri magani, aiki ya yi kyau. Na shimfiɗa faiba hawa uku tun daga gefen sitiyari har ƙofar fasinja, na daddanna da sabon burushi don iska ta fita. Warin kuwa ya kori kajin maƙwabta. Da ya bushe na hau gurza da sanfefa, ba safar hannu, ba takunkumi, daga ni sai singileti. Wannan farar ƙurar ashe gilashi ce, ƙananan zarurruka masu shiga fata. Daren nan ban runtsa ba, kamar an yi min wanka da karara. Uwargida tana shafa min man kaɗanya tana tambaya, cikin ladabi sosai, ina robar kununta.

Amma fa dashbod ya yi sumul. Na fesa baƙin fenti, na ɗauki hoto na sa a WhatsApp.

Kwana uku bayan haka, a Kwangila, wani jami'i ya tsayar da ni ya ce in kawo takardu. Na miƙa hannu wajen 'yar durowar nan ta gaban fasinja. Babu durowa. Babu ko alamar inda take. Na manta in ware murfinta kafin in shimfiɗa faiba, na bi ta kansa hawa uku, na gurje, na yi fenti.

"Yallaɓai, suna ciki."

"Cikin ina?"

Na ƙwanƙwasa wurin. Ya sunkuyo ya shafa, ya ƙwanƙwasa shi ma, sannan ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Dariya suka yi har ɗayan ya dafa bonet. Sai da na nuna hoton takardun a waya suka bar ni na tafi, da sharaɗin in wuce wurin mai gyara kai tsaye.

Mai gyaran bodin da na je wurinsa ya daɗe yana kallon aikin. Ya ce, "Oga, wa ya yi maka wannan?" Na ce wani yaro ne a unguwarmu. Ya ce Allah Ya isa, ya jona injin yanka. Da murfin ya buɗe, ga takardu, ga tabarau na da na yi kwana uku ina zargin yara, ga kuma ragowar tsiren da na ɓoye wa uwargida ranar da na fara aikin.