Yaron sola a Kaduna da takwaransa na Jamus

A nan Jamus inda nake zaune, yaron da ke koyon aikin lantarki yana shafe shekara uku da rabi: kwana uku ko huɗu a mako yana wurin aiki, sauran a makarantar sana'a, kuma ana biyansa. Yana da littafin da yake rubuta duk aikin da ya taɓa, maigidansa ya sa hannu. Ranar yaye kuwa ba maigidan ke yanke hukunci ba, ƙungiyar masu sana'ar ce ke jarraba shi.

A Kaduna hannu ba shi ne matsalarmu ba. Duk wanda ya san Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da gyare-gyare, ya san akwai gwanaye. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗauka cewa kwas na mako biyu a waya da bidiyon YouTube sun isa a kira yaro mai haɗa sola.

Ɗauki inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, mai 1.5kVA a kan batir biyu masu 12V da 200Ah, an jera su sun ba da 24V. In an ɗora mata cikakken lodi, wutar da ke bin kebul daga batir ta kai amfiya 60. Wannan aikin kebul mai kauri 16mm² ne ko 25mm², gajere, da fiyus kusa da batir. Yaro ya sa 6mm² don ya fi araha, kebul ya yi zafi, roba ta narke. Ko kuma bakin batir bai ɗauru tamau ba, wurin ya riƙa ƙonewa a hankali. Bidiyo zai nuna masa cewa batir ake fara haɗawa da kwantirola mai daidaita caji kafin farantin sola, amma ba zai kama hannunsa ya ce ƙara ɗaurewa ba. Haka batun haɗa tsohon batir da sabo: tsohon ne ke janyo sabon ƙasa. Batir mai ruwa kuma ba a shanye fiye da rabinsa, wato wajen 2.4kWh ne rabon mai gida, kuma dole a faɗa masa tun kafin ya jona firiza. Faranti ya fuskanci kudu, a ɗan karkace, a riƙa wanke ƙurar hunturu.

Ban raina waya ba. Lissafin lodi, karanta zane, bayani da Hausa ga wanda bai yi nisa a boko ba, duk ta fi allo sauƙi.

Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna, tana da tsarin NSQ na ba masu sana'ar hannu shaida, kuma Kaduna Polytechnic ta yi aiki da 'yan Panteka a kansa. To a ɗaure kowane kwas na intanet da shago: yaro ya riƙe mitar gwada wuta, ya cika littafi da ayyuka na gaske, sannan wani oga da ba nasa ba ya sa shi ya gano laifi a haɗin da aka ɓata da gangan.