"Wallahi na tuna sarai" ba hujja ba ce

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda muke saurin kiran mutum maƙaryaci don kawai abin da ya tuna ya saɓa da wanda muka tuna. Mutum biyu suna wuri ɗaya abu ya faru, bayan shekara wannan ya ce kaza aka ce, wancan ya ce sam ba haka ba, kowa na rantsuwa, daga nan sai gaba. Ni kam a ganina sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu, ƙwaƙwalwa ce ba ta ajiye abu kamar faifan bidiyo, duk lokacin da ka tuno abu sake haɗa shi take yi, inda ta samu giɓi ta cike da abin da ka ji daga baya ko abin da kake zaton ya kamata ya faru, kuma ba za ta sanar da kai ta yi ciko ba.

A 1974 wata masaniyar halayyar ɗan adam a Amurka, Elizabeth Loftus, ita da John Palmer suka nuna wa ɗalibai bidiyon hatsarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi, irin a ce lokacin da motocin suka ragargaji juna, sun ce gudun ya ɗan haura mil 40 a awa. Waɗanda aka ce musu motocin sun taɓa juna suka ce wajen mil 32. Bidiyo ɗaya fa suka kalla. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gwaji na biyu da aka yi da wasu ɗaliban daban, bayan mako guda da kallon bidiyon aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi, alhali babu wani gilashi a bidiyon, amma mutum 16 cikin 50 na rukunin kalma mai zafi suka ce eh sun gani, a rukunin da aka yi wa tambaya mai sauƙi kuwa 7 ne kawai.

Toh wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne, babban abu mai girgiza zuciya ba a manta shi. Nan ma akwai magana. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse jim kaɗan da tashi, mutum 7 da ke ciki suka mutu. Washegari wani masanin halayyar ɗan adam, Ulric Neisser, ya sa ɗalibai a jami'ar Emory ta Amurka suka rubuta inda suke da abin da suke yi da wanda ya faɗa musu labarin. Bayan kusan shekara 3 aka sake nemo 44 daga cikinsu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su dace da abin da suka rubuta ba ko a abu ɗaya, kuma da yawansu suna da cikakken yaƙini. Har aka nuna musu rubutun hannunsu, wasu suka yarda nasu ne amma suka ce su dai ba haka suke tunawa ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga 'yan uwa ko ma'aurata sun daina magana a kan "ka ce" da "ban ce ba". Ban ce babu masu ƙarya da gangan ba, akwai su sosai, amma ƙarfin rantsuwar mutum yana nuna yadda ya yarda da abin ne kawai, bai nuna haka abin ya faru ba. Kuma yawan maimaita labari ƙara masa tabbaci yake a ranka ko da ya riga ya karkace tun farko.

Inda abin ya fi muni shi ne kotu. A 1984 a jihar North Carolina ta Amurka wani ya yi wa wata ɗaliba, Jennifer Thompson, fyaɗe, kuma cikin wannan tashin hankalin ta daure ta ƙare wa fuskarsa kallo don ta gane shi daga baya. Ta nuna Ronald Cotton, aka ɗaure shi. Da aka kawo ainihin mai laifin gabanta a shari'a ta biyu ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya wanke Cotton bayan ya shafe sama da shekara 10 a kurkuku. Baiwar Allahn nan ba ƙarya ta yi ba, iyakar gaskiyarta ta faɗa, fuskar Cotton ce ta maye gurbin ta ainihi a kanta. Daga baya su biyun suka zama abokai suna yawo tare suna kira a gyara yadda 'yan sanda ke jera mutane a gaban shaida, misali jami'in da ke gudanar da jerin kada ya san wanda ake zargi, kuma a rubuta yawan tabbacin shaida tun a nunin farko, kafin wani ya ce masa madalla ka gano shi.