Har a intanet ma sai da ɗan jagora?

Tun shekaranjiya nake ganin kuna ta sa albarka a kan sabon shafin intanet na ɗakin karatun nan namu. An yanke kyalle, an ɗauki hoto, an ci shinkafa. Madalla, Allah ya ƙara basira.

Jiya da daddare na zauna da ƙanena, wanda ciwo ya tafi da idonsa tun yana sakandare, yanzu kuma yana jami'a. Ya buɗe shafin a wayarsa, TalkBack, manhajar wayar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, na karanta masa. Abin da muka yi ta ji ke nan: maɓalli marar suna, maɓalli marar suna, hoto, hoto, hoto. Da na leƙa, ashe hotunan manya ne, kowa ya sha babbar riga. Muka lallaɓa har wajen rajista, sai aka ce ya zaɓi hotunan da ke da mota don a tabbatar shi mutum ne. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe ni na'ura ne." Ni dai dariyar ba ta zo mini ba.

Jerin littattafan kuwa, hoton takardu aka ɗauka da waya aka ɗora. Mai ido ya ga rubutu, manhajar da ke karanta wa makaho ba ta ga komai ba.

Da safe na kira wani ma'aikaci, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sai wani ya taya shi." Wato har a intanet ma sai da ɗan jagora! Yaron da ke tura kuɗi da wayarsa shi kaɗai, shi ne zai jira in dawo daga kasuwa kafin ya san ko akwai littafin da yake nema. Sunan wurin fa ɗakin karatu na jama'a. Makaho ba jama'a ba ne? Dattijon da yanar ido ta fara rufe wa gani, kuka rubuta masa ruwan toka a kan fari, shi ma ba jama'a ba ne?

Kada wanda ya zo mini da zancen kuɗi. Sa wa maɓalli suna nawa ne? Ƙa'idojin WCAG, masu nuna yadda za a gina shafin intanet da masu buƙata ta musamman za su iya amfani da shi, suna nan tun 1999, ba a sayar da su. NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi allon kwamfuta, kyauta ce, makafi biyu 'yan Ostareliya suka fara ta a 2006. Da ɗan kwangilar da ya gina shafin ya kashe allo na minti goma ya gwada aikinsa da kunne, da kunya ta hana shi karɓar cikon kuɗinsa. Masu tambayar "makafi nawa ne ma ke shiga intanet?" kuwa, ku je ku sha ruwa.

Wallahi ba neman faɗa nake ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017 don littattafai su kai ga makafi. Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019. Tun 1953 ake koyar da makafi karatu a Gindiri. Sun yi nasu, sun koya. Mu ne muke gina ƙofa babu mariƙi, sannan mu ce a zo da ɗan jagora.