Ciwon da Taron Farkaswa Bai Taɓa Ba

'Yan'uwana cikin Almasihu, salama a gare ku.

Makon jiya muka kammala taron farkaswa na kwana uku a majami'armu. An yi azumi, an kwana ana addu'a, an ɗora wa marasa lafiya hannu, kuma ban raina ko ɗaya ba, domin da ni aka durƙusa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da Lahadi ta zo, waɗanda suka shekara suna gaba da juna kowa ya koma mazauninsa, wannan gabas wancan yamma, aka ci Jibin Ubangiji ba wanda ya dubi idon ɗan'uwansa.

A ganina, ciwon da ya fi cin ikilisiyoyinmu a Zariya na cikin gida ne. Duk wanda ya ga watan Maris na 1987, lokacin da rikicin Kafanchan ya iso garin nan aka ƙone majami'u, ko ya ga ranar 17 ga Yuni 2012 da bama-bamai suka tashi a Wusasa da Sabon Gari, ya san cewa a ranar wuya ba mai tambayar ɗarikarka ko yarenka kafin ya shimfiɗa maka tabarma. Sai ƙura ta lafa muke komawa ga ƙabilanci a zaɓen dattawa, da rigimar kuɗin gini, da gulmar da ake naɗewa cikin "mu sa shi a addu'a".

Walter Miller, Baturen mishan wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya kuma yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne, kuma har yau majami'ar St. Bartholomew da asibitin St. Luke suna maƙwabtaka a Wusasa. Kowane ma'aikacin asibiti zai gaya maka cewa gyambon da aka ɗaure ba a wanke ba, ruɓa yake yi a ciki. Mu kuwa tarbiyyarmu ta kunya da kawaici, wadda abin alfahari ce a wurare da yawa, a nan tana cutar mu, domin mutum zai ce "ba komai, ya wuce" alhali zuciyarsa na tafasa, ya riƙe abin har shekara goma. Wasiƙar Yakubu 5:16 ta haɗa warkarwa da furta laifi ga juna, sannan a Matiyu 5:23-24 an umarci mai baiko ya ajiye baikonsa ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna. Ban taɓa jin an yi sanarwar wannan kafin a zagaya da kwanon baiko ba.

Sau ɗaya na ga an yi abin yadda ya kamata. Mata biyu na Zumuntar Mata sun ɓata kan kuɗin adashe, shekara uku ba gaisuwa, har 'ya'yansu suka daina wasa tare. Fasto ya yi wa'azi a kai, kwamiti ya zauna, ba abin da ya sauya. Wata tsohuwa ce, gwauruwa mai dogara sanda, ta shiga Keke Napep ta ɗauko ɗaya ta kai ta ƙofar ɗayar, ta ce, "'Ya'yana, yau ba mai ce mini ba komai. Kowa ta faɗi abin da aka yi mata." Ƙaramar ta ce, "Mama, ba kuɗin ne ya ƙona mini rai ba, ɓarauniyar da ta kira ni a gaban mutane ne." Sai a ranar babbar ta san inda ciwon yake, kuma Lahadin da ta biyo baya ta miƙe a gaban matan da suka ji zagin ta janye kalmarta.

Ba su koma aminai kamar da ba, gaskiya. Amma da mijin babbar ya kwanta a asibitin Shika bara, ƙaramar ce ta riƙa kai musu kunu kowace safiya har aka sallame shi.