Kafin a ɗora mana harajin man fetur, a fara ba mu lissafin kuɗin tallafi

Duk ranar da na tsaya a gidan mai na miƙa naira dubu biyar, na ga yadda lambobin famfo ke gudu su tsaya tun kafin hannuna ya koma aljihu, sai raina ya ɓaci kamar ranar aka fara yi mini haka. A farkon shekarar 2023, lokacin da lita take wajen naira 185, wannan dubu biyar ɗin tana saya mini lita ashirin da bakwai, wadda takan kai ni aiki ta dawo da ni, in kai yara makaranta, har in leƙa ƙauye in gaida mahaifiyata. A watan Oktoba na 2024, da lita ta haura naira dubu ɗaya, kuɗin nan ko lita biyar ba ya saye. Albashina bai ninka sau biyar ba, kuma ban san ma'aikaci ko ɗaya da nasa ya ninka haka ba. Ana cikin wannan hali ne kuma muka ji cewa sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025 tana ɗauke da harajin kashi 5 cikin ɗari a kan man fetur da dizal. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Na ji bayanin da jami'an gwamnati suka yi. Sun ce harajin ba sabo ba ne, tun 2007 yana cikin dokar hukumar gyaran hanyoyin tarayya, sun ce bai shafi kananzir da gas ɗin girki ba, sun kuma ce ba zai fara aiki ba sai ranar da Ministan Kuɗi ya ba da umarni. To, wannan bayani bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan, domin wuƙar da aka wasa aka ajiye a kan tebur ba don ado aka wasa ta ba. Idan da gaske ba a da niyyar karɓarsa, me ya sa aka zaƙulo shi daga tsohuwar dokar da ya yi shekaru yana barci a cikinta, aka kakkaɓe shi, aka dasa shi a sabuwa? An ce za a gyara hanyoyi da kuɗin. Duk wanda ya san shekarun da aka kwashe ana aikin hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, ya san abin da irin wannan alkawari yake nufi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, har yanzu ba a gama biyan mu bashin alkawarin farko ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023, a wajen rantsar da shi, Shugaban Ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, kuma kafin a yi kwana uku lita ta tashi zuwa wajen naira 500. A watan Yuli ta kai 617. An karya darajar naira a tsakanin nan, komai ya bi mai ya tashi. An ce mana tiriliyoyin da ake kashewa a kan tallafi za su koma asibitoci da makarantu da hanyoyi, kuma gaskiya ne kason da gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi suke rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai. Ina kuɗin suka shiga? Asibitin unguwarmu har gobe mara lafiya shi yake sayen safar hannu da sirinji, makarantar firamaren da ke bayan gidana kuwa yara a ƙasa suke zaune, rufin aji biyu ya yaye tun damina biyu da suka wuce. Abin da ya iso gare mu shi ne 'yar shinkafar da aka kira tallafin rage raɗaɗi, wadda mata suka wuni a rana suna turereniya a kanta, da yawa suka koma gida hannu rabbana.

Masu cewa mu yi haƙuri kuwa, ba mu ga sun tsuke bakin aljihunsu ba. A ƙarshen 2023, watanni kaɗan da cire tallafi, aka sayo wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci, waɗanda jaridu suka ruwaito cewa kowace ɗaya ta kai wajen naira miliyan 160, alhali sanatoci 109 ne, 'yan majalisar wakilai kuma 360. Ma'aikacin da yake karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu saba'in, wanda sai a watan Yuli na 2024 aka amince da shi bayan doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin ƙwadago, sai ya yi kusan shekara 190 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin mota ɗaya. A ƙaramin kasafin shekarar 2023 aka ga naira biliyan biyar na jirgin ruwan alfarma, sai da jama'a suka yi ca sannan majalisa ta janye kuɗin. A watan Yuni na 2024 aka buɗe gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa da aka ce ya ci naira biliyan 21, a watan Agusta kuma sabon jirgin saman shugaban ƙasa ya sauka a Abuja. Ba a ma zancen dala biliyan ɗaya da rabi da aka amince a kashe tun 2021 don gyaran matatar Fatakwal, wadda aka buɗe da shagali a ƙarshen 2024, aka sake rufewa bayan 'yan watanni. Tamu ta Kaduna kuwa ta daɗe da zama kufai.

Mutanen da ba su taɓa sayen mai da kuɗin aljihunsu ba, ba za su gane abin da kashi biyar cikin ɗari yake nufi ba. A wurinmu fetur ba na mota kaɗai ba ne. Shi ne yake juya injin ban ruwa a Kura da Kadawa, shi ne yake tayar da janareton mai aski da tela da mai cajin waya, tun da wutar lantarki sai an ga dama ake kawowa. Idan lita ta ƙara naira hamsin, ɗan adaidaita sahu zai ƙara ɗari, mai markaɗe zai ƙara, direban da ya ɗauko hatsi daga Dawanau zai ƙara, ƙarshe dai tiyar masara ce za ta kwashe duka. Na san magidanta da suka jingine motocinsu suka koma babur, na san waɗanda suka sayar da babur suka koma tafiya a ƙasa, suna fakewa da cewa likita ne ya ce su riƙa motsa jiki.

Kuma idan mutum ya fito ya ce yunwa yake ji, sai a ce ɗaukar nauyinsa aka yi. A watan Janairu na 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, ƙasar nan tsayawa ta yi cak har sai da aka dawo da ita 97, kuma manyan 'yan adawa na wancan lokaci, har da wanda yake kan mulki a yau, sun soki ƙarin da kakkausar murya. A lokacin zanga-zanga kishin ƙasa ce. Da aka zo watan Agusta na 2024, matasa suka fito a kan tsadar rayuwa, sai aka amsa musu da hayaƙi mai sa hawaye da harsashi da dokar hana fita. Ban goyi bayan waɗanda suka fasa gine-gine suka kwashi kaya ba, kuma ɗaga tutar Rasha wauta ce da ta ba hukuma hujja. Amma babu abin da zai wanke abin kunyar da muka gani a watan Nuwamba, lokacin da aka gurfanar da ƙananan yara a kotun tarayya da ke Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, bayan wata uku a tsare, duk sun rame, wasunsu suna faɗuwa a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi tir sannan aka ba da umarnin a sake su.

Ba na ƙin biyan haraji, domin ana cire shi daga albashina tun kafin ya shigo hannuna. Abin da nake nema shi ne gwamnatin tarayya da kowane gwamna su wallafa, wata bayan wata tun daga Yuni na 2023, nawa aka samu daga cire tallafi da kuma aikin da aka yi da shi, da sunan gari da sunan ɗan kwangila, yadda zan iya hawa babur ɗina in je in gani da idona. A rage jerin gwanon motocin da ke bin shugabanni, a daina saya wa 'yan majalisa sababbin motoci duk bayan shekara huɗu, sannan a cire wannan sashe na kashi biyar daga cikin doka gaba ɗaya, ba a ce an jingine shi ba. Ɗan majalisar da yake wakiltar mazaɓata kuma ya shirya amsa, domin zan tambaye shi a gaban jama'a inda yake a ranar da aka amince da wannan sashe, da kuma wanda yake zuba wa motarsa mai.